Sarki a Hagu

Ni mai faci ne a unguwar Television, Kaduna. Ban yi boko ba. Masaƙar Kakuri ta rufe a kan idona, rikici ya cinye mini shago, ban yi kuka ba. Wasan ces, darar Turawa, shi ne ya sa na kasa ɗaga kai.

Baba ne ya koya mana, wani tsoho mutumin kudancin Kaduna da muka yi aikin masaƙa tare. Shi yake jera allo a gindin mangwaron gareji, sarkin farare a hagu, sarauniya a dama. Haka muka taso muka gani. Da shekaru suka tafi sai na fi kowa, har ana ce mini Oga Champion.

Da aka ce za a yi gasa a wata makaranta a Unguwar Romi, maƙwabcina Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota ya ce sai na koyi yadda manya suke buɗe wasa. Idona ba ya ganin waya sosai, don haka shi yake kallon wasannin gasa yana faɗa mini da baki.

"Sojan gaban sarki, taki biyu. Yanzu dokin gefen sarki. Oga, doki na ce, ba jakinka ba."

Ina bi a allonmu har hannuna ya haddace. Ko ina cire taya, yatsuna suna wasan. Shi waya yake kallo, ni allo, ba wanda ya haɗa su.

Ranar gasa, bayan coci, 'yan gareji suka cika keke napep biyu suka raka ni. Baba ya sa rigarsa ta Kirsimeti.

Aka zaunar da ni gaban wata malamar asibiti, aka ba ni farare. Na duba allo, sarki a dama. Na miƙa hannu na musanya shi da sarauniya. Ta ce, "Yallaɓai, daidai yake fa." Alƙalin wasa ya zo ya mayar da su. Na sake musanyawa.

Ya ce, "Malam, wa ya koya maka haka?"

Ɗakin shiru, ana ta wasa. Na juya na nuna Baba da yatsa, da ƙarfi na ce, "Ga shi can. Ku tambaye shi."

Kowa ya waiga. Wani ya yi dariya. Baba ya cire hularsa ya riƙe a cinya.

Na buga wasan. Kaina ya san abin yi, hannuna yana ta tafiya hagu. Matar ta cinye ni ba wuya. Cin bai dame ni ba, yatsan nan ne.

Baba ya daina zuwa gindin mangwaro. 'Yan gareji suka koma ludo. Da na gaji, na ɗauki allo na tafi gidansa a Unguwar Boro. Na same shi yana ɓare gyaɗa. Na gaishe shi, ya amsa, bai dube ni ba.

Na zauna a ƙasa na fara jerawa. Na sa sarki a hagu.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kakkaɓe hannu, ya ɗauki sarkin ya mayar dama.

"Kada ka yi mini ladabin ƙarya," ya ce. "Buɗe mu ga abin da manyan naka suka koya maka."

Na tura soja. Hannuna ya sake tafiya hagu, na gaban sarauniya ne.