Shamuwar da Na Ɓoye wa Inna

Da na haifi 'yata ta fari a unguwar New Bell ta Douala, Inna ta taso daga arewa ta zo yi min wankan jego. Ranar da ta sauka ta yanka min wa'adi: da zarar shamuwa ta wuce ta saman Douala, za ta koma. Wai in shamuwa ta baro gida ta yi kudu, damina ta ƙare ke nan, gyaɗarta ta isa cira. Ga kalanda a bango, ga waya a hannu, amma Inna tsuntsu ta yarda da shi.

Ni kuwa tsoro ne fal cikina. Jaririyar nan ko ɗaukarta ban iya ba, balle a ce in yi mata wanka ni kaɗai. Sa'ata ɗaya, idon Inna ya fara rauni. Sai ta ɗora min aikin duba sama kullum da safe in na fita shanya.

Kai, na zuba ƙarya a watan nan, Allah Ya yafe min! Da na hango garken farko can ƙololuwa, na ce mata shirwa ce. Na biyu na ce hankaki ne. Ran nan har jemagu na ce, da rana tsaka, ko kunya babu. Maigidana, mai sayar da takalma a kasuwar Grand Hangar, na ja masa kunne kada ya kuskura ya ga komai. Bai yi gardama ba, don miyar Inna ta fi tawa daɗi.

Muka yi arba'in, muka ƙara sati biyu. Inna takan ce ikon Allah, bana damina ta yi tsawo a gida. Ni kuma in ce wallahi kuwa.

Wata safiya ruwa ya ɗauke, sai ga garken shamuwa ƙasa-ƙasa, suna kewaya saman kwanon rufinmu, baƙin baya, farin ƙirji, ƙafafu a miƙe. Ko makaho ya san ba shirwa ba ce. Inna na zaune a tsakar gida da jaririyar a cinya. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Na ji kunya ta rufe ni, na buɗe baki zan tona kaina.

Ta riga ni. "Shirwar garin nan da girma take," ta ce. "Ɗauko ruwan, yau ke za ki yi mata wanka, ina kallonki."

Kwana goma ta ƙara, kullum ni ke wankan, tana gefe tana faɗa. Bayan ta koma na tambaye ta gyaɗa, ta ce alhamdu lillahi. Sai daga baya ƙanwarta ta gaya min rabin gyaɗar, gara ce ta cinye a ƙasa.