Makoɗin Baba da Injin Baffa

Shekaranjiya maƙwabtanmu a nan Gwarzo suka kira masu sa tayil. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai wani ƙamshi ya tsallako katanga, irin na dutsen da ƙarfe ya ci har ya ɗauki zafi. Wanda bai tashi a gidan masu aikin dutse ba, zai ce ƙauri ne. Ni kuwa ajiye farantin na yi, don nan take na ga zauren gidanmu na Masanawa, da Baba a zaune ya miƙe ƙafa ɗaya, farin gari ya rufe masa gira.

Sana'ar Baba dutsen niƙa ce, tun daga fasa shi har gyaransa. Da rani yakan tafi bayan gari inda duwatsu suke, ya hura wuta a kan falalen dutse tun safe, ya bar shi ya gasu, sannan ya kwara masa ruwa ya tsage. Daga nan sai guduma da cizal, yana sara yana juyawa, har ya fitar da uwar dutse da ɗanta, wato ƙaramin da ake riƙewa ana murza hatsi da shi. Amma abin da aka fi saninsa da shi koɗa ce. Dutse idan ya sha niƙa yakan yi santsi, ya daina kama hatsi, mace ta yi ta gumi gari bai fito ba. Sai a sassare fuskarsa a hankali, a dawo masa da kaushi. Abin da ake wannan aiki da shi sunansa makoɗi. Na Baba wani baƙin dutse ne mulmulalle, bai fi cikin tafin hannu ba, wanda ya gada daga nasa uban.

Ga yadda yake yi, kuma ban taɓa ganin wani ya yi haka ba. Idan aka kira shi gida, ba ya shiga. Yakan zauna a zaure ya ce, "A ce wa uwargida ta niƙa mini tafi ɗaya in ji." Matar tana ciki tana niƙa, shi yana waje ya sunkuyar da kai yana saurare. Daga kukan dutsen yake gane inda ya yi santsi, da inda matar take danna ƙarfinta, da ko bahaguwa ce. Sai a fito masa da dutsen, kuma dole tare da ɗansa. Yakan ce kowace mace ita take gina wa dutsenta kwarmi da hannunta, shekara da shekaru, nasa kawai ya bi sawun da ta bari. Idan ya gama sai ya ce a fara niƙa dusa a zuba wa kaji, kada a ba mutane tuwo mai tsakuwa.

Da injin niƙa ya zo, aikin ya ja baya. Duwatsu suka koma abin zama a gindin rumbu, wasu aka mai da su wurin wanke ƙafa. Baba ya riƙe ɗan nomansa, sai jefi-jefi tsofaffi su kira shi. Har aka shiga shekarun nan na ostariti, lokacin da sabulu da madara suka zama abin bin layi. Injin garinmu ya lalace, aka nemi kayan gyaransa daga Kabo har Birni aka rasa. Mata suka janyo duwatsunsu, suka wanke, suka tarar duk sun yi sumul. A watannin nan Baba bai huta ba. Har daga Dugabau ake zuwa a ɗauke shi a keke. Na tuna yadda yake dawowa da la'asar, ya yi fari fat, yana tafe yana ɗan waƙe-waƙensa.

Ana cikin haka Baffa ya dawo. Ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya daɗe a Birni yana aiki inda ake goge daɓen gidajen masu hali. Wurin ya rufe, ya taho gida da matarsa da wani inji na hannu mai faifai a baki, da ƙaramin janareto. Ranar da ya fara tayar da shi a ƙofar gida, unguwa ta taru. Ya ɗora faifan a kan wani dutse, wuta tana tartsatsi, kafin a ce me ya ratsa shi kamar ana yanka kabewa. Aikin da Baba zai wuni yana yi, Baffa ya gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa.

"Yaya," in ji shi yana dariya, "ka ajiye ƙwallon nan naka yara su riƙa fasa goriba da shi."

Baba ya yi murmushi ya ce Allah ya sa albarka.

Baffa ba mugu ba ne, yana da iyali kuma dole su ci. Ya ari amalanke ya bi gida-gida yana kwaso duwatsu, a jibge su a ƙofar gidanmu, uwaye gefe guda, 'ya'ya a zube cikin buhu. Babu zaman zaure, babu sauraro. Kowane dutse sai ya goge shi ya daidaita fuskarsa kamar allo, sannan ya zana masa layuka a jere, gwanin kyau. Mako biyu babu wanda ya yi sallama da Baba. Wata safiya na ga ya naɗe guduma da cizal da makoɗi a tsumma ya tura ƙarƙashin gado. Na ji yana gaya wa Inna cewa bayan ƙaramar Sallah zai bi mutanen garinmu zuwa Kudu, ko dako ne ya yi. Mutumin da ko kasuwar Gwarzo ya je sai ya dawo gida ya kwana. Ranar miyar Inna ba gishiri. Ni kuma na shiga lissafa kwanakin azumi da yatsu, ina fatan kada su ƙare.

Abin ya warware ne ta hannun Kaka, mahaifiyarsu. Tana da wani dutse da ta zo da shi gidan aure, kwarminsa ya yi zurfi kamar akushi, ba ta taɓa yarda ta kai niƙanta inji ba. Baffa ya ɗauke shi yana so ya faranta mata, ya fita da shi tana barcin rana, ya shafe kwarmin nan tas, ya zana layukansa, ya mayar mata.

Bayan la'asar ta durƙusa za ta niƙa geron kunun buɗa-baki. Ina zaure kusa da Baba lokacin da kukan dutsen ya fito. Ko ni da nake yarinya na ji ba shi ba ne. Maimakon gurnanin nan mai laushi da muka saba ji, sai wani ƙaras-ƙaras, ɗan dutsen yana tuntuɓe a kan layuka, gero yana tserewa gefe. Baba ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa, amma bai motsa ba. Ba zai tona asirin ƙaninsa ba.

Kukan ya tsaya. Sai muryar Kaka: "A kira mini su duka biyun."

Suka shiga suka durƙusa. Ta nuna dutsen da haɓa.

"Kai na Birni, wannan allon karatu ka yi mini ko dutsen niƙa? Shekara nawa ina haƙa ramin nan da kafaɗata, ka zo ka share shi tsakanin azahar da la'asar. Zo ka niƙa in gani."

Baffa ya naɗe hannun riga ya kama. Gero ya watse har gaban kaji. Matan gida suka juya baya suna danne dariya.

"Kai kuma babban," ta ce da Baba, "kana zaure kana ji, ka yi shiru kamar baƙo."

Ashe ba a gidanmu kaɗai ba ne. Mata sun yi ta haƙuri ne don kunyar gidanmu, ga shi an hautsina 'ya'yan duwatsun a buhu, kowace an mayar mata da na wata, ba ya zama daidai a kan uwar. Da labarin Kaka ya fita, washegari ƙofar gidanmu ta cika da duwatsu.

Abin da Baba ya yi a nan shi ne nake alfahari da shi har gobe. Bai ce wa Baffa ka gani ba. Ya zaro tsummansa daga ƙarƙashin gado, ya ɗauki gawayi, ya zagaye tsakiyar dutsen Kaka, ya ce, "In da hannu zan dawo da kwarmin nan, sai bayan Sallah. Tayar da abin naka. Ci nan, kada ka wuce layin gawayi." Baffa ya riƙe inji, Baba yana tsaye a kansa yana cewa ƙara, dakata, koma hagu. Da ramin ya fito sai ya zauna da makoɗi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya bi shi daki-daki. 'Ya'yan duwatsun kuwa ɗaya bayan ɗaya ya riƙa ɗora su yana murzawa, kunnensa a karkace, har kowanne ya koma kan uwarsa.

Kaka ta niƙa dusa aka ba kaji, sannan ta zuba gero. Da gurnanin ya fito, ta ce, "To, yanzu na haifi 'ya'ya biyu."

Baba bai je Kudu ba. Tun daga nan tare suke fita, inji ya yi fashin dutse da babban sara, makoɗi ya gama. Baffa ma ya koyi zaman zaure, ko da yake har ya tsufa Baba yana tsokanarsa cewa janareto ya cinye masa kunne.

Baba ya rasu a daminar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina gidan aure a nan Gwarzo. Da aka zo rabon gado, malamin da ke rabon ya bi komai a tsanake, gona da awaki da guduma da cizal. Da aka miƙa masa makoɗi sai ya jujjuya shi ya ce, "Wannan ai dutse ne." Mazan gidan babu wanda ya miƙa hannu, duk sun koma tuƙin babur da ɗinki. Na ce a ba ni.

Yanzu inji ya cika kowane lungu, 'ya'yana ma da na lantarki suke markaɗe. Duwatsun da ake sayarwa a kasuwa duk yankan inji ne, fuska ɗaya kamar an buga su a injin bulo. Amma akwai tsofaffi a unguwar nan da ba sa yarda da yajin da bai bi ta kan dutse ba, kuma idan nasu ya yi santsi ni suke aika wa. Ni mace ce, babu mai hana ni shiga har ɗaki. Duk da haka a bakin ƙofa nake tsayawa tukuna, in ce, "Hajiya, niƙa mini tafi ɗaya in ji."