Ɗan Ɗaki Bakwai

A lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, shekarar da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, tun ba a rushe gidajenmu na kan dutse a unguwar Tandabawi ta Makka ba. Ɗaki bakwai ne a gidan, mu mata bakwai, ƙofa ɗaya, tukunya ɗaya, abin da aka samu a raba. Ni ce uwar tukunya, kuma ban taɓa ƙona tuwo ba, a tambayi kowa.

Akwai wani yaro a cikinmu, ɗan shekara takwas. An kama uwarsa ba ikama, wato takardar izinin zama, aka mayar da ita ƙasarmu. Muka ce ɗanmu ne duka, muka raba shi yadda muke raba komai: Asabar ya kwana ɗakina, Lahadi ɗakin Basakkwaciya, haka har mako ya zagayo. Kowaccenmu hala yake ce mata, kamar yadda 'ya'yan Makka ke kiran 'yar'uwar uwa.

Ran takwas ga wata muka kwashe tukwane zuwa Mina dafa wa alhazai, aka kulle gida. Mota biyu ce. Mu na gaba muka zaci yana ta baya, na baya suka zaci yana tare da mu. Ashe barci ya kwashe shi a kan soro. A Mina kuma aka sauke mu nesa da juna. Muka hau Arfa muka sauko. Sai rana ta huɗu Basakkwaciya ta zo aron muciya, ta ce in an gama in ba yaron ya kai mata. Na ce wane yaro?

Da ƙafa na dawo. Na same shi zaune a ƙofar ɗakin da yake kwana ran Laraba, da tabarmarsa. Dabino da ruwan randa ya yi ta ci da sha. Ɗakunan duk a kulle, amma kowane dare sai ya ja tabarmar zuwa ƙofar mai kwanansa, don kada a ce ya ɓata tsari.

Bai yi kuka ba. Ya dube ni ya ce, "Hala, wa ya fara tambayata?"

Na so in ce ni ce. Amma ni ba na ƙarya. Na ce babu, muciya aka zo nema.

Da aka dawo na ce an daina rabon, ɗakina zai zauna. Aka yi ta guna-guni wai na fasa zumunci, ban kula ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wurina, bai taɓa ce mini umma ba, ni ma ban roƙa ba.

Cikin mutanen gidan nan saura mu uku: ni, da Basakkwaciya da ta kurumce, da shi. Yana tuƙin mota a Jidda. Yakan zo da salla, ya gaishe ni, ya wuce ya gaishe ta, daidai wa daida.