Ranar da Ilaitia Ya Kai Haƙori

Duk wanda ya saba shiga kasuwar birnin Suva ya san Ilaitia mai baro. Tun yana saurayi yake kwasar wa mata buhunan rogo da gwaza daga tasha zuwa rumfuna, baki ba ya hutawa, har furfura ta same shi a kan baron nan. Maƙwabcina ne a unguwarmu ta gidajen kwano, ni kuma nas ce, saboda haka da ciwon daji ya kama masa huhu ƙofata aka fara bugawa.

Asibiti suka ce ya koma gida ya huta, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Ina yi wa wata ƙungiya aikin sa kai, masu cika wa talaka irinsa buri ɗaya kafin ya cika. Da na tambaye shi nasa, ya dubi matarsa Torika, ya ce a kai shi ƙauyen iyayenta.

Da ƙuruciya suka gudo tare, bai nemi aurenta wurin kowa ba. Wanda ya yi haka dole ya koma da tambuwa, haƙorin ƙaton kifin teku da muke neman gafara da shi, ya durƙusa gaban dangin mace. Ilaitia kullum sai baɗi. Ana cikin sai baɗi iyayen Torika suka rasu, ba ta je jana'izar ko ɗaya ba. In ya mutu a haka, ita da 'ya'yanta ba su da fuskar taka ƙauyen nan har abada.

Ƙungiya ta ba da mota da direba da tukunyar iskar numfashi. Haƙorin kuwa 'yan baro ne suka haɗa kai suka nemo. A hanya na gyara masa robar hanci na ja masa kunne.

"Ilaitia, robar nan kada ta bar hancinka. Ka ji ni?"

"Na ji, Sista. Ke dai da soja kika zama, da an huta."

Mun iske dattawa zaune a kan tabarma a zauren gari, Sakiusa yayan Torika a can gaba, fuska ba alamar wasa. Ɗan Ilaitia, Penioni, ya turo keken marasa lafiya har bakin ƙofa, sai uban ya dafe tayar.

"Sauke ni."

Na ce, "Kai, ban da hauka!"

"In shiga kaina ya fi nasu tsawo? Roƙo na zo ko sarauta?"

Da rarrafe ya shiga. Yana kaiwa tsakiya ya zare robar ya ajiye a gefe. A al'adarmu ba a zama gaban manya da hula ko tabarau, shi kuma ya sa robar cikin sahunsu. Raina ya ɓaci matuƙa, amma ina can baya wajen mata, ba ni da ikon miƙewa in ratsa mutane suna zaune. Torika ta damƙe min hannu har farcenta ya shige ni.

Dattijon danginsa ya kamata ya yi magana a madadinsa, to nasa duk sun ƙare. Ya ɗaga haƙorin da hannu biyu ya fara da kansa. Ya ambaci sunan gidan su Torika, ya ambaci ƙasarsu da kakanninsu, kowace kalma sai ya tsaya ya nemo numfashi. Sakiusa bai ɗago ba, tabarma kawai yake kallo. In bai miƙa hannu ya karɓa ba, shi ke nan, sai mu juya.

Ina ganin leɓen Ilaitia na komawa launin toka. Ya ce, "Na ɗauki abin da ba a ba ni ba, na zo..." sai muryar ta ɗauke. Baki na motsi, ba abin da ke fita. Ya waiwayi Penioni, amma Penioni haihuwar birni ne, bai san ko kalma ɗaya ta wannan roƙon ba, ya sunkuyar da kai. Hannuwan Ilaitia suka fara sauka. Tsoro ya kama ni, na ce a raina mutumin nan a gabanmu zai mutu, maganar kuma a rabi.

Sai Sakiusa ya motsa. Tsoho da ciwon gwiwa, ya rarrafo har inda Ilaitia yake, ya zauna kusa da shi, ya tallafo hannuwan ya ɗaga su sama. Ya fuskanci wurin zamansa da ya bari ba kowa, ya ɗauki roƙon daga inda ya tsinke. Ya roƙi gidansu gafara a madadin wanda ya sace masa ƙanwa, bai tsallake komai ba. Da ya gama ya karɓi haƙorin ya sumbace shi, dattawa suka ɗauki tafi.

Sakiusa ya juyo ya daka min tsawa. "Ke Sista, me kike jira? Mayar masa da abin nan!"

Ban san lokacin da na isa ba. Na sa robar, na buɗe iskar har ƙarshe, ina yi ina zaginsa ƙasa-ƙasa. Da numfashi ya ɗan daidaita, Sakiusa ya leƙa fuskarsa ya kira shi tavale, sunan da miji da ɗan'uwan mata ke tsokanar juna da shi kamar taubasai.

"Tavale, ba ka da kunya. Ka sace mana yarinya, ka dawo mana da tsohuwa."

Ilaitia, da bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya buɗe baki zai rama, iska ba ta kai ba. Ya yi dariya hawaye na zuba.

Direba shi kaɗai ya koma Suva, don Sakiusa ya ce surukinsa ba ya zuwa ko'ina. Kafin ranar Lahadi Ilaitia ya cika, a ɗakin da aka haifi Torika, kuma 'yan'uwanta ne suka haƙa masa kabari.