Matar Kujerar Ƙarshe

Jirgin saman da ya ɗauko Nu'uman zuwa Bauchi irin dogon nan ne da ba a cika gani ba, siriri, daga baya da ƙyar kake hango ƙofar gaba. Can wajen wutsiya, inda jirgin ke rangaji ko da iska ta kwanta, wata dattijuwa ce zaune kusa da shi. Baƙin zane ne a jikinta, da ɗan gicciye a wuya, takalmanta a cinya. Tun daga Legas tafin ƙafarta yake manne da ƙasa, tana bubbugawa a hankali kamar mai lallashin jariri. Nu'uman yana zaton tsoro ne, wataƙila hawanta na farko kenan.

Da aka sauka, ma'aikaciyar jirgin ta ce na baya su fara matsowa gaba, kada wutsiya ta rinjayi jirgin. Dattijuwar ko motsi.

"Mama, ki taso mana," in ji ma'aikaciyar.

"'Yata, bari a fara fito da ɗana Elias," ta ce, idonta a ƙasa. "Akwatin gawarsa na nan ƙarƙashinmu. Tun yana ƙarami ba ya son duhu."

Nu'uman bai san lokacin da ya ɗage ƙafafunsa ba.