Ƙarar Tubali a Hannun Baba

Mu Hausawan Aljirif, kogin Nilu ne ya ba mu sana'a. Kakanninmu sun taho aikin Hajji da ƙafa, suka yada zango a nan, zangon bai tashi ba har yau. In ruwa ya janye ya bar laka, maza su cuɗa ta da kashin shanu, su buga tubali, su shanya, sannan su jera shi tuli guda a cinna masa wuta. Wannan tulin shi ake kira kamina.

Baba ba ya bugawa, ba ya ɗauka. Aikinsa saurare. In kamina ta huce, sai ya ɗauki tubali biyu ya gwara su. Wanda ya gasu yakan yi ƙara siririya mai ɗan tsawo, kamar an taɓa kofin shayi da cokali. Wanda wuta ba ta ratsa ba, ko mai tsaga a ciki, sai ya yi ɓus ya mutu a nan. Direbobin lori ba sa lodi sai Baba ya gyaɗa kai.

Ni a lokacin ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Omdurman, kafin yaƙi ya watsa mu. Baba yana kirana ustaza, rabi alfahari, rabi tsiya. Kunnensa ya fara tafiya a hankali. Da fari tsuntsayen bakin kogi ya daina ji, sannan muryoyin mata. Inna ta ce ita kam tun ranar ɗaurin aure ba ya jin ta. Muka yi dariya, amma ni na san tsufa siraran sauti yake fara ɗauke wa mutum, ƙarar tubali mai kyau kuwa siririya ce.

Ya ɓoye abin har lori guda ya tafi Bahri da tubalin da ke marmashewa a hannu, magini ya dawo da shi yana ta faɗa. Ɗan mai kamina ya zo gida da ladabinsa ya ce, "Ammi, baffana, ka huta haka, halas, ya isa." Baba bai yi musu ba. Ya koma gadon igiya a tsakar gida, kullum da rawaninsa a naɗe, ba inda za shi. Ganinsa haka ya fi komai ci mini rai.

Ran Juma'a na zo da ilimina. Na daka masa ihu a kunne cewa ƙara ba komai ba ce illa rawar jikin abu. In an bugi tubali sai ya yi karkarwa, iska ta ɗauko karkarwar ta kawo kunne, kuma ƙashi ma yana iya ɗaukarta. Na ba shi sanda ya ciza, na ɗora bakinta a kan tubali, na buga. Haƙoransa huɗu ne duka. Ya tofar ya ce, "Ya binti, 'yata, wannan kike koya wa 'ya'yan mutane?" Kunya ta rufe ni, na tattara sandata.

Amma tubalin bai bar hannunsa ba. Ya riƙe shi da yatsu biyu, sako-sako, yadda ya saba, don riƙo mai ƙarfi yana kashe ƙara. Ya gwara. Ya ɗauki wani ya gwara. Can ya ce, "Karkarwa kika ce?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Wannan yana yi min tsiii a yatsa. Wancan gawa ne." Na saurara, haka ne kuwa. Ashe duk shekarun nan yatsunsa suna ji tare da kunnen, shi bai taɓa ba su lada ba.

Mako biyu muna yi bayan la'asar: shi ya taɓa, ni in saurara, Inna tana ƙorafin mun mai da gidanta kamina. Sau da yawa yana kuskure. Daga baya ya gane tsokar ɗan yatsa ta fi kan yatsa da ya yi kanta jin karkarwar, sai kuskuren ya ragu.

Na raka shi bakin kogi ba tare da an gayyace mu ba. Ɗan mai kamina ya so ya lallashe shi, Baba ya wuce shi ya nufi tulin. Ya yi ta gwarawa yana ware wasu gefe. Ma'aikata suka bi waɗanda ya ware suna fasawa, cikinsu duk ɗanye. Ɗan mai kamina ya sosa ƙeya ya ce, "Tamam, daidai ne, ya Hajj. Ka dawo aiki gobe bayan asuba." Baba bai ji ba, sai da na nuna masa da hannu.

Na zaci zai yi murna. Sai ya ɗauki wani tubali jajawur, ya kawo shi daf da kunnena ya gwara.

"Na san mai kyau ne," ya ce. "Amma gaya min, ustaza, har yanzu yana yin daɗin nan?"

Na ce yana yi, Baba. Ya dubi bakina ya karanta amsar.

"To ki ji min," ya ce, ya sake gwarawa.