Shanya Mai Kusurwa Uku

A gidanmu na unguwar Karantina, kusa da teku, kakata ba ta yarda a shanya zanen gado a baje. Sai ta ninke shi kusurwa uku, ta karkata shi a kan igiya, kamar ƙyallen jirgin ruwa mai tafiya da iska da ya hayo teku da ita daga garin Sawakin tana budurwa.

"Ƙyalle mai kusurwa huɗu bawan iska ne," in ji ta. "Inda ta tura shi, can zai nufa. Namu kuwa yanka ta yake yi."

Na ce mata ai zane ba jirgi ba ne, kuma ita da bakinta ta ce a kwance ta yi tafiyar, tana ta amai. Na baje nawa. Kafin la'asar iskar teku ta cika shi, ta fizge shi daga igiya, ta yafa wa akuyar maƙwabta.

Kaka ta leƙa ta katanga. "Halas, shi ke nan, ya koma Sawakin. Yalla, maza bi shi."

An rushe unguwar, Kaka ta rasu. Barandar gidan da nake yanzu a unguwar Aziziyya ko iska ba ta samu, amma har yau kusurwa uku nake ninkewa.